Wilin Ado Ko Wilin Aiki? Amsa Ga Alhaji Mai Hatsi

A yau takarda ɗaya ce za ta cinye mana yawancin lokaci, domin kuwa abin da ke cikinta ya shafi duk wanda ke neman abinci da mota, har ma da wanda bai da ita amma yakan hau ta haya ranar kasuwa.

Takardar ta fito ne daga wani Alhaji mai sayen hatsi a ƙasar Funtuwa. Ya ce yana da Golf 3 doguwa, wadda ake ce wa wagon, da ita yake kwaso masara da dawa daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Ɗandume da Giwa. A ƙarshen damina motar ta faɗa wani rami da kaya a cikinta, wilin baya na dama ya lanƙwashe, tun daga ran nan tayar ba ta kwana da iska. Ɗansa, wanda shi ne direban motar, ya je birni ya ga wasu wili huɗu na alminiyam masu ƙyalli, inci 17, ya dawo ya matsa lamba a sayo su a zubar da tsofaffin na ƙarfe. Mai sayarwa ya ce ramukansu huɗu ne kamar na Golf, sai dai sun ɗan kauce kaɗan, amma ba komai, za a goge su da zarto su hau. Kuɗin da za a kashe, in ji Alhaji, daga cikin jarin kakar bana za a zare su. Shi ne yake tambaya, ya saya ko kada ya saya?

To Alhaji, mun gode da wannan takarda, Allah ya tsare gaba. Amsarmu a gajarce ita ce kada ka saya. Ka nemi wilin ƙarfe irin wanda motar ta zo da shi, ka maye gurbin wanda ya lalace, ka bar sauran kuɗinka a cikin hatsi. Amma na san samari ba sa gamsuwa da "kada" tsurarta. Saboda haka ka kira shi ya matso kusa, mu bi maganar daki-daki, don ranar da kuka tashi sayen wili, na ƙarfe ne ko na alminiyam, ku san abin da za ku duba.

Da farko mu bambance abubuwa biyu, don wasu kan haɗa su su ce ƙafar mota. Taya ita ce robar da ke taka ƙasa. Wili kuwa, wanda wasu ke kira rim, shi ne ƙarfen da ake sa tayar a jikinsa, shi ake ɗaurewa a jikin mota da ƙusoshi ko noti. Duk nauyin motarka, da buhunan da ke ciki, da rayukan da ke zaune a kan buhunan, a kan waɗannan 'yan ƙusoshi da wannan faifan ƙarfe suke.

Maganar ramukan da suka kauce ita ta fi tayar mini da hankali a takardarka, da ita zan fara. Yawan ramuka ba shi ne dacewa ba. Ramukan nan a jere suke a kan wata da'ira, kuma kowane kamfani da faɗin tasa da'irar. A wili mai rami huɗu awon ba wuya: ka sa tef daga tsakiyar rami ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. A Golf 2 da Golf 3 irin taka za ka sami milimita 100, watau santimita 10 cif. A Peugeot 406 da 206 da 307 za ka sami 108. A tsohuwar 504 da 505 kuwa 140 ne. Ka ga duk rami huɗu-huɗu ne, amma ba wanda zai hau motar wani. Zatona wilin da aka nuna wa ɗanka na Peugeot ne, mai 108. In haka ne, kowane rami ya kauce da milimita 4. In aka goge shi da zarto, ramin da yake zagayayye ya koma kamar ƙwai. Kan ƙusa, wanda aka yi shi don ya zauna daram ya cika bakin rami, yanzu gefe ɗaya kawai zai kama. Kana tafiya wili yana motsi ƙasa-ƙasa, yana cin ƙusa, ƙusa tana cinsa, har ranar da ɗaya za ta karye. In ɗaya ta karye, ukun da suka rage ba sa daɗewa. Duk wanda ya taɓa ganin taya ta wuce motarta a guje a kan titi ya san abin da nake nufi.

Wannan ma mai sauƙi ne, tun da ido ya ga kaucewar. Wanda ya fi haɗari shi ne na masu rami biyar. Opel irin su Vectra da Zafira masu rami biyar 110 ne. Sharan da Mercedes 112 ne. Camry da Honda Accord mai rami biyar 114.3 ne. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya rabewa, kuma in aka sa ƙarfi wilin zai hau. Sai dai ƙusoshin a tanƙware suke shiga, kowace tana ja gefe. Mai mota ya tafi yana murna ya yi arha, alhali ajalin ƙusoshinsa ya sayo. Don haka in wani ya ce maka "ai zai shiga", ka ce masa ba shiga kake nema ba, zama kake nema.

Sai babban ramin nan na tsakiya. Mutane da yawa sun ɗauka ba shi da aiki, alhali shi ne ke zama a kan cibiyar ƙafa, wadda bakanikai ke kira hob, ya tsayar da wili a tsakiya sosai. Na Golf milimita 57.1 ne. Na tsohuwar Corolla mai rami huɗu 54.1 ne, ko da yake da'irar ramukanta 100 ce kamar ta Golf. Shi ya sa wilin Corolla ba ya hawa Golf, ramin ya yi ƙanƙanta. Wilin Golf kuwa zai hau Corolla, amma da sarari a tsakiya. Na Peugeot 65.1 ne, watau in aka ɗora shi a Golf ɗinka akwai ratar milimita 8. Wilin da bai zauna a tsakiya ba, da ka fara gudu za ka ji sitiyari yana rawa a hannunka, ka kai balansin sau uku ba zai daina ba. Masu ƙera wilin kasuwa sukan yi ramin da faɗi da gangan don ya hau motoci iri-iri, sa'an nan su haɗa da wani zobe na roba ko na alminiyam da ke cike ratar. Wannan ba laifi ba ne, in dai zoben yana nan kuma daidai da motarka yake. Abin da yake laifi shi ne a ƙara faɗin rami da zarto ko da wuta.

Yanzu Alhaji ka sa a kwanto safayarka, a wanke ta, ka duba jikin wilin. Za ka ga an buga wasu lambobi, alal misali 6J x 14 ET45, ko kuma 5½J x 13 ET38. Waɗannan su ne sunan yankan wilinka. Lamba ta farko faɗinsa ce da inci. Ta biyu, 13 ko 14, girmansa ne, shi ma da inci, kuma dole ta zo daidai da lambar ƙarshe da ke jikin taya. Ita kuwa ET, gajarta wata kalma ce ta Jamusanci, tana faɗa maka yadda wilin zai nutse cikin mota ko ya turo waje, da milimita. In lambar ta ragu, wili ya turo waje. In ta ƙaru, ya shige ciki. Samari suna son wanda ya turo, wai mota ta yi ƙirji. Amma ka tuna yadda ake ɗaukar ruwa da sanda a kafaɗa: in ka matsar da garwa can bakin sanda, ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa ta san an matsar. Haka boris yake ji. Wilin da ya turo da yawa yana kashe boris da wuri, kuma da ka loda buhuna mota ta zauna, bakin bodi zai riƙa yankar gefen taya a kowace gargada. Wanda ya shige ciki da yawa kuma yana gugar shokazoba ko kan birki. Wilin Peugeot lambarsa ta ET ta fi ta Golf ƙanƙanta sosai, ka ga nan ma bai dace ba. In bambancin bai wuce milimita 5 ba, yawanci ba a samun matsala. Abin da ya zarce haka sai an gwada an gani.

To mu ɗauka ma an sami inci 17 wanda komai nasa ya dace da Golf, don akwai su. Har yanzu ba zan ba ka shawarar sa shi ba, kuma ga dalili. Gurbin da taya ke juyawa a cikinsa ba ya ƙaruwa. In wili ya girma, dole roba ta ragu. Tayar da aka saba sa wa irin motarka a kan inci 13 ita ce 175/70, tsayin gefenta daga bakin wili zuwa ƙasa ya ɗan haura santimita 12. A kan inci 14 akan sa 185/60, gefenta santimita 11. A kan inci 15 akan sa 195/50, ya koma ƙasa da santimita 10. A kan inci 17 kuwa sai irin su 205/40, gefenta santimita 8 kacal. Wannan gefen taya da iskar da ke cikinsa su ne katifar da ke tsakanin wilinka da dutse. Alhaji, ramin da ya ratsa katifar santimita 11 ko 12 ya lanƙwasa maka ƙarfe, me kake jin zai yi wa mai santimita 8? An yi irin wannan taya ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta da mota marar kaya, mai son shan kwana a guje. Ba a yi ta don burji da zaizayar damina da buhun masara ba.

Ga kuma wata wahalar da ba a tunawa sai an shiga. In tayarka ta 13 ko 14 ta fashe a ƙauye, da wuya ka rasa wadda za ta kai ka gida a wurin mai faci na bakin kasuwa. In 205/40 ce ta inci 17, sai ka bar mota da kaya a daji, ka hau mashin ka tafi birni. Kafin ka dawo kasuwa ta watse. Sa'an nan ka lissafa, wili huɗu sababbi suna nufin taya huɗu sababbi, don tsofaffinka ba za su hau ba. Kuɗin da ɗanka ya faɗa maka rabin lissafi ne.

Bari in yi wa wilin alminiyam adalci, kada a ce na tsane shi. Yana da kyan gani, wannan ba gardama. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana taimakawa wajen fitar da zafin birki, kuma mai kyau daga cikinsu yakan fi na ƙarfe rashin nauyi in girmansu ɗaya. Malamin makaranta ko ma'aikacin da ke zirga-zirga a cikin gari, in ya sa abinsa ba mai ganin laifinsa. Amma halinsu ya bambanta ranar wahala. Wilin ƙarfe kamar kwanon sha yake, in ya faɗi ya lotsa, a buga shi ya koma. Yawancin wilin alminiyam da ke kasuwa na zubi ne, ana narka shi a zuba a mazubi, kamar tukunyar nan da maƙeranmu ke zubawa. Uwargida ta san in irin wannan tukunya ta faɗo a kan dutse ba lotsawa take yi ba, tsagewa take. Wilin ƙarfe in ya bugu yakan ba ka sanarwa, iska ta riƙa sauka a hankali kamar yadda naka ya yi. Na zubi kuwa yana iya riƙe tsaga a ɓoye wata da watanni, ranar da zai buɗe ya buɗe gaba ɗaya. Kuma kada a ruɗe ka da cewa za a yi masa walda. A masana'anta ana gasa shi ne da wuta a ƙa'ide don ya yi ƙwari, zafin walda kuwa yana warware wannan ƙwarin a kewayen wurin. Wanda aka yi wa walda a ƙafafunsa ko kusa da ramukan ƙusa, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗora masa rai.

Sai maganar nauyi, kuma a nan Alhaji ka yi haƙuri, zan ɗan taɓa ka. A jikin taya, bayan lambobin girma, akwai wata lamba da harafi, kamar 82T. Wannan 82 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 475. Biyun baya ke nan kilo 950, kuma a ciki har da nauyin bayan motar ita kanta. Golf wagon an yi ta ne ta ɗauki wajen rabin tan, har da direba da wanda ke gefensa. Buhun masara kilo 100 ne. Kai ka san buhu nawa kuke sawa, ni ba zan tona ba. Abin da nake so ka gane shi ne, motar da kullum take aiki a bakin iyakarta ko sama da haka ba ta da rarar da za a yi wasa da ƙafarta. Shi ma wili yana da nasa iyaka. A bayan na alminiyam mai kyau za ka ga an zuba lambar nauyin da yake ɗauka, da sunan kamfani, da girmansa. Waɗanda aka yi bisa ƙa'idar Japan suna da tambarin JWL, na motocin kaya kuma JWL-T. Waɗanda hukumar Jamus ta amince da su suna da haruffan KBA da lamba a gabansu. Ana iya kwaikwayon tambari, gaskiya ne, don haka ganinsa ba shi ne ƙarshen bincike ba. Amma wilin da ka juya bayansa ka tarar fayau, ba suna ba lamba, wannan ko mai shi bai yarda ya sa sunansa a kai ba.

To yanzu ina za ka sami wanda ya dace? Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, wagon ɗinta kuma an daina yi a 1999, saboda haka yawancin abin da za ka samu na hannu ne, irin wanda ake cirowa daga motocin da aka farfasa. Ba abin kunya ba ne. Wilin ƙarfe na asali na hannu, in lafiyayye ne, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. A manyan kasuwannin kayan mota irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano ba a rasa shi. Ka tafi da motar in da hali. In ba hali, ka tafi da safaya da ƙusa ɗaya a aljihu, da bakaniken da ka yarda da shi, kuma ya zama kai ne za ka biya shi ladansa, ba mai kaya ba. Wanda ke jiran la'ada daga mai sayarwa ba zai ga aibin kaya ba.

In an fito maka da shi, kada ka fara duban fuska, fuska ta sha fenti. Juya bayansa. Bi bakinsa na ciki da yatsa, nan ne rami ke fara bugu. Dubi ramukan ƙusa, in sun zama kamar ƙwai ko bakinsu ya cinye, ajiye shi, an taɓa tafiya da shi noti a kwance. In na ƙarfe ne, dubi tsatsa a inda bakin taya ke zama, don ta nan iska ke sacewa. Sa'an nan ka yi masa abin da mata ke yi wa tukunyar ƙasa a kasuwa: a rataye shi ba taya, ka ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Wannan ba ya kama kowace tsaga, don haka in kana shakkar wani wuri, ga wata tsohuwar dabara ta masu gyaran inji. A wanke wurin, a shafa kananzir, a bar shi jim kaɗan, a goge ƙarƙaf, a shafa alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana maka layi a kan allin. In kuma ka ga wani wuri ya fi sauran santsi ko kauri, ko fenti sabo a gefe ɗaya kawai, ka tambaya me aka rufe.

Bayan nan a ɗora shi a motar tun ba a biya ba. A ɗaga da jak, a kafa wani ɗan itace kusa da bakin wilin, a juya shi da hannu. In bakin yana matsowa yana janyewa daga itacen har ido yana gani sosai, wilin a karkace yake. In a gaba aka sa shi, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a saurara ko akwai inda yake guga. Ka yi ciniki a gaban shaida da sharaɗin in an kai balansin ya ƙi, za ka dawo da shi a ba ka kuɗinka, kuma a rubuta maka a rasit. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan sharaɗi. Ka kuma tabbata ƙafafu biyun da ke jere, dama da hagu, girmansu da faɗinsu da lambar ET ɗinsu ɗaya ne. In ba a sami abokin naka ba, gara ka sayi biyu iri ɗaya.

Akwai wani ƙaramin abu da yake kashe mutane, ba a kuwa cika kula da shi ba, watau ƙusoshin kansu. Ka dubi ƙarƙashin kan ƙusar Golf, za ka ga a dunƙule yake kamar gindin ƙwarya. Yawancin wilin alminiyam na kasuwa kuwa bakin raminsu a tsuke yake kamar mazurari, yana son ƙusa mai irin wannan siffa. Wasu na Toyota da na Peugeot kuma shimfiɗaɗɗe ne mai wasa. In ka ɗaura mai gindin ƙwarya a ramin mazurari, za ka ji ta ɗauru tamau, amma a kan ɗan siririn layi kawai ta zauna, kwana kaɗan ta saki. Har wa yau, alminiyam ya fi ƙarfe kauri, saboda haka sau da yawa yana bukatar ƙusa mai tsawo. Ka ƙidaya da hannunka: ƙusar Golf ta shiga aƙalla zagaye bakwai kafin ta tsaya. In uku ko huɗu ta yi ta ƙare, ta yi gajarta. Duk wanda ya koma alminiyam kuma safayarsa ta ƙarfe ce, ya ajiye tsofaffin ƙusoshinsa a but, don doguwar ƙusa a kan wilin ƙarfe tana iya zarcewa ciki ta taɓa kayan birki.

Wajen ɗauri, a fara da hannu, a bi su a gicciye, wannan sa'an nan na gabanta, ba a jere ba. Kuma don Allah a daina zura dogon bututu a wilsifana ana hawa ana tsalle. Ɗaurin da kamfani ya ƙayyade wa Golf 3 daidai yake da ka danna nauyin kilo 22 a bakin sifana mai tsawon rabin mita. Ƙato mai kilo 70 in ya hau bututu mai tsawon mita ɗaya ya ninka wannan wajen sau shida. Ƙusa ta miƙe ke nan, ta rasa ƙarfinta, ko ba ta karye ran nan ba. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sabon wili, a tsaya a sake bin ƙusoshin da sifana, don sukan ɗan saki bayan wili ya zauna.

Kai kuma samari, direban Alhaji, na san ba ka ji daɗina ba yau. In kwalliya kake so, ga mafita mai arha: a kankare tsofaffin wilin, a yi musu fenti ruwan azurfa, a sayo marufin roba irin mai ƙyalli a ɗaure da 'yar waya. Daga nesa ba mai rabewa. In kuwa Allah ya hore ka sami taka motar ta yawon gari, ka nemi inci 14 ko 15 mai da'ira 100 da rami 57.1, kada ka wuce nan.

Saura 'yan mintoci, bari mu taɓa wasu takardu biyu da suka zo a kan wannan magana. Wani mai saurarenmu daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mai ɗaukar albasa da Hilux, ya ce ya ga wili mai rami shida da aka ciro daga wata motar alfarma, ko zai iya sawa? To Malam, mai rami shida na Hilux da'irarsa 139.7 ce, kuma motoci da yawa suna da irinta, saboda haka mai yiwuwa ramukan su dace. Amma ramin tsakiya na Toyota 106 ne da ɗoriya, na wasu kamfanonin bai kai haka ba, sai ka auna. Abin da ya fi wannan shi ne nauyi. Tayar kaya mai harafin C, irin 195 R14C mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950 ita kaɗai, kuma iskar da ake ba ta ta fi ta ƙaramar mota nesa. In lambar nauyin da ke bayan wilin ba ta kai ta tayarka ba, to wilin ne zai fara gazawa. Ka tsaya a kan na ƙarfe.

Ta biyun daga wani dattijo ce a ƙasar Gumel, mai tsohuwar 504 wagon, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Ya ce wilinsa biyu sun ruɓe da tsatsa, an ce masa a toshe ramukan wani wili da walda a huda sababbi. Baba, kada ka yarda. Da'irar 504 mai rami huɗu 140 ce, motocin yanzu ba sa amfani da ita, shi ya sa kake shan wahalar samu. Ka nemi na 504 'yar'uwarta ko na 505 a wurin masu farfasa tsofaffin motoci, ka gwada a jikin motar kafin ka biya. Ruɓaɓɓun kuwa, da wanda ya lanƙwashe na Alhaji in ya ƙi gyaruwa, kada a mayar da su safaya. A ba masu ƙera amalanke, can tafiyar shanu ce, ba za su cuci kowa ba.

Alhaji, game da naka da ya lanƙwashe, in bakin ne kawai ya lotsa kaɗan, mai faci gwani zai iya buga shi a sanyi ya koma, a sa ruwan sabulu a ga ko iska ta daina fita. In lanƙwasar ta kai cikin faifan, ko an ce sai an gasa shi da wuta, ka haƙura da shi. Kada kuma a zura masa tib don a rufe maganar, iska za ta tsaya amma karkatar tana nan tana cin taya da boris. Muna jiran takardarka ka gaya mana yadda kuka ƙare da yaron. Lokaci ya yi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.